Ɗakin da Aka Auna da Ƙafa

"Yaya, don girman Allah ki ɗage ƙafarki daga kan layin nan!"

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce daga bakina ba. Mai babur bai gama tsayawa ba na diro, gyalena ya maƙale a ƙarfen baya, na fizge shi na ji ya yage, ko waiwaye ban yi ba. Tef ɗin awo na rataye a wuyana, guntayen zare duk sun manne a siket ɗina. Haka na baro keken ɗinki da rigar mutane a ƙarƙashin allura, tun da Baba Magini ya kira ni ya ce, "'Yata, in kina da abin faɗa ki zo yanzu. Ƙarfe goma za mu fara haƙa."

Yaya Babba, yayar mutumin da zan aura, tana tsaye a tsakiyar filin cikin leshi ruwan ƙasa, lema a hannu ɗaya, jaka a ɗaya. Da tsinin takalminta take goge farin layin da aka zana a ƙasa, a hankali, kamar mai kawar da kashin kaza daga bakin ƙofa. Ta ɗago ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Au, Tela ce? Sannu da gudu. Wa ya mutu?"

"Ɗakina kike gogewa, Yaya."

"Ɗakinki." Ta yi 'yar dariya ta juya wajen leburori huɗu da ke jingine da diga da shebur. "Kun ji fa. Ko bulo ɗaya ba a ɗora ba, har an samu mai ɗaki."

Biyu suka yi dariya. Ɗaya ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe wandonsa.

Bari in tsaya in gaya muku yadda abin yake, 'yan uwa, kada ku ce yarinyar nan ba ta da kunya. In kuka zo wajen nan ba abin da za ku gani sai fili tsirara a kan kwana, inda ƙaramin layi ya haɗu da babban titi. Turakun katako, shuɗiyar igiya an ja daga wannan zuwa wancan, da layukan farar ƙasa. Shi ke nan. Amma ni in na tsaya a wajen, gida nake gani. Na san inda gado zai zauna. Na san bangon da zan rataye madubi, na san kalar labulen falo. Wata goma sha huɗu ke nan ina shiga gidan nan ina fita a cikin kaina, har shara nake yi masa.

Shi wanda zan aura ɗin, Dogo, haka kowa ke kiransa har mahaifiyarsa, ya tafi aikin walda a wata tashar jiragen ruwa mai nisa a ƙasar waje, kwantiragin shekara biyu. Saura kwana biyu ya tafi, da la'asar, ya kawo ni filin nan da ya daɗe da saya. Ya ce mu tsara gidanmu kafin ya tafi, don ya samu abin kallo a can. Na zaro tef ɗina daga jaka, ya kalle shi ya ƙyalƙyale da dariya.

"Da wannan? Tela, ai sai jirgina ya tashi muna nan muna awon falo. Ajiye. Ni zan taka, ke ki rubuta."

Haka aka yi. Na zauna a kan dutsen iyakar da ke can kwanar titi, na ɗora bayan kwalin zare a cinyata. Shi yana takawa yana ƙirgawa da ƙarfi, ni ina zanawa da biro. Falo, taku shida. Uwar ɗaka, taku biyar. 'Yar hanya a tsakani, taku ɗaya. Ta baya kuma ɗakin yara, da sito, da banɗaki, da kicin mai taga tana kallon tsakar gida, wai don in riƙa ganin yaran da ba mu haifa ba suna cin ƙasa. Gida ƙarami, ba bene, ba ƙarya.

Sai ya taho har inda nake zaune, yana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, takalminsa ya tsaya cak a jikin dutsen.

"Rubuta. Taku huɗu tsawo, huɗu faɗi. Ƙofa ta kalli titi. Taga ta kalli gabas."

"Na wa ke nan?"

"Na kekenki mana. Masu kawo ɗinki su shigo ta titi, kada su ratsa mini falo su tarar da ni da singileti."

"In 'yan uwanka suka ce matar aure ba ta buɗe ƙofa a titi fa?"

"Sai su zo su rushe. Ni dai na taka, ke kin rubuta."

Wallahi a ranar na gama yarda da shi. Shekara bakwai na yi ina koyon sana'ar nan a shagon uwar ɗakina, tun daga saka maɓalli har na kai ga yanka leshin amare ba tare da hannuna ya yi rawa ba. Mu uku muka koya. Sauran biyun sun yi aure. In kuka je gidajensu yau za ku ga kekunan a lungu, an lulluɓe su da zani, an ɗora kwandon furen roba a kai. Ni na rantse nawa ba zai zama teburin fure ba. Abin da ya sa ma na ƙi mai kantin maganin layinmu ke nan, mutumin kirki, mai gidan bene, don ranar farko ya ce mini, "Matata ba za ta riƙa tsugunawa tana auna ƙafar mutane ba."

To wannan ɗakin, taku huɗu da huɗu, shi Yaya Babba ke gogewa da takalmi.

Baba Magini ya matso yana rangaji. Dattijo ne gajere, kamar an danna shi daga sama, hularsa ta yi fari da siminti. A hannunsa akwai kwafin kwalin nan nawa, an ninke shi huɗu.

"'Yata, ki yi haƙuri ki saurara. Jiya na bi takardar nan taku bayan taku, ban ƙara ba ban rage ba. Dubi falon da ya fito. In an jera kujeru, baƙo sai dai ya shigo a kaikaice. Uwar ɗaka kuwa, gado da durowa ba za su kwana tare a ciki ba, dole ɗaya ya fita."

"Shi ya sa na ce a cire bangon nan," Yaya ta karɓe. "A haɗe wancan kurkukun da sauran, kowane ɗaki ya samu ya miƙe ƙafa. Keke kuma ki sa shi a sito. In kin ga dama ki riƙa ɗinka wa 'ya'yanki kayan makaranta. Wai ma in tambaye ki, wace mace mai mutunci ce ke son ƙofarta a kan titi, kowane mai wucewa yana leƙa ta?"

"Shi ya ce a cire?"

"Ni ya bar wa ginin."

"Na sani, Yaya. Amma shi ya ce?"

Ta gyara riƙon lemarta. Ta yi murmushin da ya fi zagi zafi.

"Kira shi mana ki tambaya."

Nan ta same ni. Ta kuma san ta same ni.

Yau kwana tara rabona da jin Dogo. Mutumin da ko a bakin aiki yake sai ya cire safar hannu ya turo mini hoton shayinsa. Na ciro wayar duk da na san abin da zan gani, na buɗe. Saƙonsa na ƙarshe yana nan, na haddace shi har da inda ya manta ɗigo:

"Tela, aiki ya yi mana yawa kwanan nan. In kin ji ni shiru kada ki tada hankalinki. Na yi tunani, tagar kicin ɗin nan mu ƙara mata faɗi, kin san ke da ƙona albasa"

A ƙasa kuma nawa ne, sun yi layi kamar marasa lafiya a asibiti.

"Ni ce ke ƙona albasa? Allah ya kawo ka."

"Ka ci abinci?"

"An kawo yashi yau, tifa biyu."

"Dogo."

"Ko ɗigo ne ka turo mini, don Allah."

Kowanne da alama ɗaya a gefensa, 'yar toka-toka ɗin nan mai nuna saƙo bai isa ba. Na danna kira. Matar nan mai muryar ƙarfe ta fara bayaninta na cewa ba a samun lambar, na kashe kafin ta gama.

Wayar na hannuna ta ɗauki ƙara. Na duba. Umma ce.

"Auta, ina kike? Uwar ɗakinki ta kira ni, ta ce kin fita a guje kamar wadda aka ce gidansu ya kama wuta."

"Ina fili, Umma."

"Fili." Ta ja numfashi. Na san wannan numfashin, akwai wa'azi a bayansa. "Ke dai ba kya gajiya. Ɗazu ƙanwar mai kantin magani ta bar nan, karo na uku ke nan. Gidansa a gine yake, da fenti, da tankin ruwa, har da shuke-shuke. Ke kina can cikin rana kina faɗa a kan igiya."

"Umma, ba igiya ba ce."

"To mece ce? Ni ban ce yaron nan mugu ba ne. Amma kwana nawa yau? Kina tsammani ban ga yadda kike juya abinci a kwano ba? Babanki ya fara tambayata, ni kuma na gaji da ƙirƙiro masa amsa. Ki dawo gida, Auta. Ki bar musu filinsu su yi yadda suke so."

"Zan dawo."

"Yaushe?"

Ta kira sunana sau biyu, sannan ta kashe.

Na ɗaga igiyar na shiga. Ban san me ya sa ba, amma ko a ƙasa aka zana gidan nan ba na iya tsallake bango, sai na bi ta ƙofa. Na ratsa falo, na bi 'yar hanyar, na shiga uwar ɗaka na tsaya a tsakiya, na juya musu baya don kada su ga idona. Kewarsa ta taso mini kamar zazzaɓi. A nan, daidai nan, ranar nan ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa, ya miƙe, ya sa hannu a ƙeya ya ce, "Ga gado. Ke kuma kina can gefen bango, don kada ki faɗo." Na ce ya tashi mutane na kallo. Ya ce su kalla, ɗakinsa ne.

Sai na ji wani abu ya tsaya mini a rai.

Ranar da ya kwanta, bayan ƙafarsa akwai sauran wuri, har na zagaya ta can na ja shi ya tashi. Wannan ɗakin da nake tsaye a ciki, in Dogo ya kwanta, da ƙyar a samu hanyar kyanwa.

Na share idona da yagaggen gyalen, na ɗaga kai na dubi kwanar titi. Ga dutsen iyakar da na zauna a kai na yi rubutu. Ranar nan ɗakin ɗinkina a jikinsa ya ƙare. Yau kuwa turken ƙarshe yana nan kusa, dutsen yana can, a tsakaninsu fili ne fetal, ciyawa ta fito a kai, ba igiya ba layi.

"Baba, wancan wurin fa? Me ya sa aka bar shi?"

Baba Magini ya buɗe baki, Yaya ta riga shi.

"Ba ruwanki da can. Iska za ta riƙa wucewa."

Ta yi saurin amsawa da yawa. Amma a lokacin ban tsaya a kan wannan ba, hankalina yana wani wuri. Ina kallon Baba ne. Ba fuskarsa ba. Ƙafafunsa.

"Baba, wa ya taka awon nan jiya?"

"Ni mana. Wa zan ba?"

Na zare tef ɗin daga wuyana na miƙa masa da hannu biyu, na ɗan rusuna.

"Don Allah Baba, ba raini ba ne. Ka ɗora shi a ƙugunka ka sake shi zuwa idon sawu, ka gaya mini lambar."

"Ikon Allah. Wando za ki ɗinka mini?"

"In aikin ya yi kyau, har da riga."

Leburorin suka matso. Baba ya kalle su, ya kalle ni, ya danna kan tef ɗin a ƙugu, ya sunkuya yana nishi.

"Talatin da shida."

"Na Dogo arba'in da shida ne," na ce. "Ni na ɗinka masa duk wandunan da ya tafi da su. Yadi ɗaya da rabi ba ya isarsa, kullum sai na yi ciko. Baba, shi ya taka gidan nan. Kai kuma ka zo ka taka da naka."

Sai wanda ya sunkuyar da kai ɗazu ya saki shebur ya dafe ciki. Sauran suka bi. Baba Magini ya tsaya da tef a hannu yana duban ƙafafunsa kamar yau aka ba shi su, sannan shi ma ya fashe da dariya har hularsa ta zame.

"Shekara talatin ina gina wa mutane gida, ba a taɓa auna ni ba sai yau! Kai, jama'a! Ashe gidan gajeru na zana wa yaron nan!"

Yaya Babba ba ta yi dariya ba.

"To an ji," ta ce. "Sai ki gaya mana inda za mu samo ƙafar Dogo. Tana bayan teku. Ko za a aiko mana da ita a kwali?"

"Ba sai an aiko ba, Yaya. Ina da ita."

Ku da kuka taɓa son dogon mutum za ku gane. Shekara uku yana zuwa ya raka ni daga shago zuwa bakin titi inda nake hawa mota. Kullum zai fara a hankali saboda ni, in hira ta yi daɗi sai ya manta, ya saki ƙafa, ni kuma in bi shi da sassarfa ina riƙe da jaka. Don kada in yi haki a gabansa sai na koyi ƙirgawa a zuci. Shi biyu, ni uku. Shi biyu, ni uku. Ban taɓa gaya masa ba. Ko yanzu da ba ya nan, in ina tafiya ni kaɗai, sai in ji bakina yana ƙirgawa, in bar masa gefen titi kamar yadda ya saba.

Na cire takalmana na ajiye. Na je dutsen iyaka na ɗaya gefen, inda awon ya fara, na jingina dugadugina da shi. Ƙasar ta fara zafi.

"Baba, ka biyo ni da turaku. Takunsa shida, nawa tara."

Na fara. Ban kalli kowa ba. Na rufe idona rabi, na sa shi a gefen damana, da ƙamshin sabulunsa, da yadda yake kaɗa makulli a yatsa. Ɗaya, biyu, uku. Na ji har iskar da hannun rigarsa ke yi. Huɗu, biyar, shida. Na wuce igiyar Baba ban tsaya ba. Bakwai, takwas, tara.

"Nan falo ya ƙare."

Baba ya dasa turke.

'Yar hanya, ɗaya da rabi. Turke. Uwar ɗaka, bakwai da rabi. Turke. Leburorin sun daina dariya, suna biye da ni a gefe suna ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Yanzu na shiga cikin ciyawar nan da aka bari, ƙaya tana sukar tafin ƙafata. Saura ɗakina. Nasa huɗu, nawa shida. In na yi kuskure, in ƙafata ta wuce dutsen ko ta gaza, Yaya za ta ce lissafin soyayya ne, a koma kan na jiya. Na yi bisimilla.

Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar.

Shida.

Babban yatsana ya daki dutsen har na ji zafin a haƙorina.

"Kai!" in ji wani lebura. "Kamar an yanka da almakashi!"

Baba Magini bai yarda da ido kawai ba. Ya ciro babban tef ɗinsa na ƙarfe, ya sa aka ja daga turke zuwa turke, yana lissafi a bayan takardar da guntun fensir. Ya ɗago yana gyaɗa kai.

"Falo ya zama falo. Ɗaki ya zama ɗaki, gado da durowa har da wurin shimfiɗa darduma. Na ɗinki kuma ƙafa goma sha biyu ta kowane gefe. Yaron nan ya san abin da ya taka. Ku cire igiyar jiya, a ja sabuwa."

"Kada a buga turken nan."

Muryar Yaya ce, amma ba irin ta ɗazu ba. Babu gatse a ciki. Ta rufe lemar, rana tana dukan fuskarta, hodar ta fara tsagewa da gumi.

"Na ce kada a buga shi a can, Baba. A bar na jiya."

"Hajiya," Baba ya ce a hankali, "ni takardar mai gida nake bi. Jiya na yi kuskure, yau an gyara mini. In na haƙa a kan kuskure ina sane, ranar da ya dawo me zan ce masa?"

Yaya ta juyo. Ta kalle ni, wani irin kallo da ban gane ba, ba ƙiyayya ba ce, ya fi kama da na wanda ya ga yaro zai taka garwashi. Sannan ta ciro wayarta ta koma can gindin katangar maƙwabta, ta juya mana baya.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi ne ya cika ni har ban damu ba.

Aka ja sabuwar igiya. Da aka zo zuba farar ƙasa na ce a ba ni gwangwanin, ɗakina ni zan zana. Na bi igiyar a sunkuye, farin gari yana zuba ta hujin, yana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Ta gefen titi na ɗaga gwangwanin na bar giɓi, faɗin ƙofa. Ta gabas na yi 'yar alama inda taga za ta zauna. Na shiga ta giɓin na tsaya a ciki.

Ga keke nan ƙarƙashin taga, hasken safe yana sauka daidai kan allura. Teburin yanka a wancan bangon. Benci na masu jira. Ƙusoshi uku na rataye kayan da aka gama. Da wata 'yar ƙofa ta ciki, wadda zai riƙa leƙowa ta ita da singiletinsa yana tambaya ko an sauke abinci.

Na ɗauki hoton layin da ƙafafuna a ciki, fari fat. Na danna wurin ɗaukar murya, na kai wayar bakina.

"Dogo, ɗakinmu ya dawo. Na taka maka shi. Da ka ga Baba Magini yau da ka yi dariya har ka faɗi." Na sake duban farin layin. "Ka yi shiru yadda kake so, ni ina nan. Tagar kicin ma na ce a ƙara."

Na tura. Alama ɗaya.

"Bismillah!" in ji Baba. Lebura ya ɗaga diga ya sauke ta a kan layin ɗakina, ƙasa ta tashi ja. Sara na biyu. Na uku.

Ana cikin na huɗu wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta taka birki a kwanar, har tayarta ta hau kan yashinmu. Wani mutum ya fito. Ban taɓa ganinsa ba. Zai yi shekara talatin da biyar, farar riga mai gajeren hannu an goge ta har tana ƙyalli, tabarau, da jakar takardu a hammata. Bai yi sallama ba. Ya tako kai tsaye zuwa dutsen iyaka, ya dubi sabon layin, ya dubi ramin da aka fara, ya sunkuya ya kama turken ƙarshe ya tumɓuke shi da hannu ɗaya. Igiyar ta saki ta kwanta a kan ƙafata.

"Wa ya ba ku izinin haƙa a filina?"

"Filinka?" Baba ya ce. "Malam, ko ka ɓata layi ne?"

"Ban ɓata ba. Daga dutsen nan zuwa ƙafa goma sha biyu ciki, nawa ne. Mai filin ya yankar mini, ga takardu. Shago zan gina, ranar Litinin masu aikina za su shigo."

"Ƙarya ne," na ce. Ban san muryata za ta fita haka ba. "Mai filin nan ba ya ƙasar ma."

"Na sani. Ba wani dogo ba, mai aikin walda? Ai jiya da rana ma mun yi waya da shi, mun fi rabin awa."

Jiya.

Na juya na nemi Yaya Babba da ido. Tana can jikin katanga, ta kafe ƙasa da kallo, ta ƙi ɗagowa.

Mutumin ya zare tabaransa. Ya dubi ƙafafuna marasa takalmi, ya dubi yagaggen gyalena, sannan idonsa ya tsaya a kan tef ɗin da na mayar wuyana. Sai na ga fuskarsa ta canja, muryarsa ta sauko.

"Au," ya ce. "Ke ce telar?"



Ya juya turken a hannunsa, jar ƙasa tana zuba daga tsininsa.

"Ya roƙe ni in kammala ginin kafin ki sani."